Hutu a otal ɗin tsibiri a Maldibs: tambayoyin da ake yawan yi kafin a biya kuɗi

Waɗannan su ne tambayoyin da ke ta dawowa daga bakin masu shirin zuwa hutu Maldibs: ango da amarya, magidancin da ke son fita da iyalinsa, da wanda ya ga hotunan ɗakunan nan na kan ruwa a Instagram ya ce shi ma sai ya taka. Alƙaluman haraji da ke ciki na shekarar 2025 ne, kuma gwamnatin ƙasar takan ɗaga su, don haka a sake dubawa kafin a tura kuɗi.

Ina ne Maldibs, kuma me ya raba otal ɗinta da na Dubai ko Abuja?

Ƙasa ce ta tsibirai kusan 1,200 a cikin Tekun Indiya, kudu maso yammacin Indiya da Siri Lanka. Tsibiran ƙanana ne, murjani, wato dutsen da wasu ƙananan halittun teku ke samarwa, ya gina su, kuma waɗanda 'yan ƙasa ke zaune a kai ba su kai 200 ba. Babban birninta Male. Otal na farko, Kurumba, an buɗe shi a 1972, a 2024 kuwa baƙin da suka shiga ƙasar sun haura miliyan biyu.

Abin da ya kamata a fara ganewa shi ne tsarinsu: tsibiri ɗaya, otal ɗaya. Tsibirin gaba ɗayansa na otal ɗin ne, wani ma za ka zagaye shi a ƙafa cikin minti 15. Babu kasuwa, babu mai shayi a bakin titi, babu titin ma. A Dubai in abincin otal ya yi maka tsada sai ka tari tasi ka tafi unguwar Deira ka ci mai araha. A nan duk ruwan da za ka sha, duk lomar da za ka kai baki, duk jirgin da zai fitar da kai, daga hannun mutum ɗaya suke, shi ne kuma mai yanka farashi. Kusan duk amsoshin da ke ƙasa daga wannan tsarin suka taso.

Sai na nemi biza kafin in tafi?

A'a. Ana buga wa mai yawon buɗe ido biza ta kwana 30 kyauta a filin jirgi, har da mai fasfon Najeriya, Nijar ko Gana. Abin da jami'in shige da fice zai so gani: fasfo mai sauran wa'adi, tikitin komawa, da shaidar ka kama masauki ka biya. Akwai kuma fom na intanet mai suna IMUGA da ake cikewa cikin awa 96 kafin sauka. Kyauta ne a shafin hukumar shige da ficen ƙasar, duk shafin da ya nemi kuɗi a kansa ɗan damfara ne.

Wanda ya taso daga ƙasar da ake samun cutar shawara, kuma ƙasashen Afirka ta Yamma na ciki, sai ya riƙo katin nan mai ruwan ɗorawa na allurar rigakafi. A buga takardun otal a kan takarda a riƙe a hannu. Waya takan mutu a daidai lokacin da ake buƙatarta.

Ta ina ake bi, kuma yaya ake isa tsibirin daga filin jirgi?

Babu jirgi kai tsaye daga Afirka ta Yamma. Ana sauya jirgi a Doha, Dubai ko Istanbul. Daga Dubai zuwa Male kimanin awa huɗu ne, daga Doha ya ɗan ɗara haka. Ana sauka a filin jirgin Velana da ke tsibirin Hulhule, kusa da Male. Agogonsu na gaban na Najeriya da Nijar da awa huɗu, kuma otal da yawa sukan ƙara wa nasu agogon awa ɗaya don rana ta daɗe ba ta faɗi ba.

Saukarka Velana ba isowa ba ce, tsugune ba ta ƙare ba. Otal ɗin da ke kusa da Male ana zuwa ne a jirgin ruwa mai gudu, minti 15 zuwa awa ɗaya, dare ko rana. Na nesa kuwa sai jirgin sama mai sauka kan ruwa, ko jirgin cikin gida zuwa wani ƙaramin fili sannan a ƙarasa ta ruwa. Otal ne ke shirya wannan, ba kai ba, kuma yana buƙatar lambar jirginka kwanaki kafin ka iso. Kuɗin sau da yawa ba ya cikin farashin ɗaki (duba amsar lissafin kuɗi).

Jirgin da ke sauka kan ruwan nan, yaya yake? Ina jin tsoronsa.

Ƙaramin jirgi ne mai farfela biyu, samfurin Twin Otter, mai ɗaukar fasinja wajen 15. Kamfanin Trans Maldivian Airways ne ya fi kowa yawan irinsa a duniya. Ana auna kayanka, yawanci kilo 20 da jakar hannu mai kilo 5, abin da ya haura a biya. Ciki akwai zafi da ƙara, babu na'urar sanyaya ɗaki sai 'yan fankoki, akan ba ka abin toshe kunne. Tsakaninka da matuƙa babu ƙofa, kana kallon su biyu da gajeren wando, sau da yawa ƙafa ba takalmi a kan feda. Wanda ya saba da manyan jirage yakan ɗan yi salati a nan. Jirgin zai ja a kan ruwa yana tsalle, feshin ruwa na dukan taga, sai ka ji tsallen ya tsaya, ƙasa ta koma zobba-zobba na ruwa mai launin shuɗi da tsanwa. Wani lokaci ba a bakin tsibiri yake ajiye ka ba, sai a kan wani dandamalin katako da ke lilo a tsakiyar ruwa, inda kwale-kwalen otal zai zo ya ɗauke ka.

Abin da ya fi tsoro muhimmanci shi ne lokaci: waɗannan jirage da rana kaɗai suke tashi. In jirginka ya sauka Velana bayan kimanin ƙarfe uku da rabi na yamma, akwai yiwuwar ka kwana a Hulhumale, tsibirin da ke maƙwabtaka da filin jirgin, ko Male, ga kuɗin ɗakin tsibiri na wannan dare ya riga ya tafi. A zaɓi jirgin da ke sauka da safe.

Wane lokaci ne ya fi kyau a je?

Zafin ƙasar ba ya canzawa sosai, yana tsakanin digiri 25 da 31 duk shekara. Iska ce ke juyawa. Daga Disamba zuwa Afrilu rani ne, sama garau, teku a kwance, farashi a sama. Daga Mayu zuwa Nuwamba damina ce, da iska da hadari, farashi kuma ya sauko sosai. Ruwan daminar sau da yawa yakan zuba na awa ɗaya ko biyu ya ɗauke, amma akan samu mako guda a jere babu rana, kuma babu mai mayar maka da kuɗi saboda hadari.

Makon Kirsimeti da sabuwar shekara ya fi kowane lokaci tsada. Otal da yawa kan tilasta biyan kuɗin liyafar daren 24 da 31 ga Disamba ko ka halarta ko ba ka halarta ba. Wanda ba shi da wata alaƙa da waɗannan ranaku ba shi da dalilin biyan wannan.

Gaskiya nawa zan kashe? Farashin da nake gani a intanet shi ke nan?

Ba shi ke nan ba, kuma a nan aka fi yin kuka. A kan kusan komai ana ɗora ladan hidima kashi 10 cikin ɗari, sannan a ɗora harajin yawon buɗe ido kashi 17 a kan jimillar. Wato abin da aka rubuta dala 100 zai zama kusan dala 129. In ka ga alamar tarawa biyu (++) a gefen farashi a takardar abinci, ma'anarta ke nan. Akwai kuma harajin muhalli, dala 12 kan kowane mutum kowane dare, ban da yaran da ba su kai shekara biyu ba.

Ga misali. Mata da miji sun ga ɗaki a dala 800, za su yi dare biyar: dala 4,000. Ladan hidima ya mai da shi 4,400, haraji ya kai shi 5,148, harajin muhalli ya ƙara 120. Jirgin kan ruwa zuwa da dawowa yakan kai dala 400 zuwa 600 kan mutum ɗaya, a wasu wurare fiye. In aka ɗauka 500 ne, an tashi a dala 6,268, ba a sa tikitin jirgi daga gida ba, ba a ci abincin rana ko na dare ba tukuna. Wasu shafuka kan haɗa haraji a farashi, wasu ba sa haɗawa, shi ya sa otal ɗaya ke fitowa da farashi biyu.

Kafin ka biya, rubuta wa otal ɗin ko wakilin tafiyarka tambaya ɗaya: nawa ne jimillar kuɗi na ƙarshe, da haraji, da jirgi, da tsarin abinci? A ba ka amsa a rubuce. A karanta kuma sharaɗin fasa tafiya, domin a lokacin rani wasu ba sa mayar da ko sisi in ya rage wata guda.

Mene ne BB, HB, FB da AI da nake gani a gefen farashi?

Tsarin abinci ne. BB karin kumallo kaɗai. HB karin kumallo da abincin dare. FB sau uku a rana, amma yawanci ban da abin sha. AI kuwa ci da sha duka, wani lokaci har da fita yawo a teku sau ɗaya ko biyu.

Da yake babu wani wurin cin abinci sai na otal (duba amsa ta farko), BB tarko ne ga mafi yawan mutane: abincin dare na mutum biyu yana iya lashe dala 200 ba tare da an yi wata almubazzaranci ba. Amma AI ma ba lallai ya zama riba gare ka ba. Kaso mai tsoka na kuɗinsa na giya ne, wanda ba ya sha yana biya wa wasu ne. A ganina HB ko FB sun fi dacewa da mafi yawan masu karanta wannan. Karin kumallon kan kai ƙarfe goma ko goma da rabi, kuma yana da yawan da in ka ci a makare, da wuya ka nemi abincin rana. A tambaya ko otal ɗin na da AI marar giya, wasu suna da shi a farashi mai sauƙi. A tambaya kuma ko ruwan sha kyauta ne a wurin cin abinci, ba a ɗaki kaɗai ba.

Ɗakin kan ruwa ko na bakin rairayi?

Na kan ruwa shi ne na hoto: an kafa shi a kan turaku, yana da matakala mai sauka cikin teku, wani yana da gilashi a daɓe da za ka riƙa ganin kifi na wucewa. Ya fi tsada. Abin da hoto ba ya nunawa: gadar katakon da ke kai ka can tana iya yin tsawo ƙwarai, babu inuwa, in za ka cin abinci sai ka jira 'yar motar lantarki ko ka hau keke. Dare mai iska kuma ruwa na dukan turakun har asuba, wani yana jin daɗin ƙarar, wani ba ya runtsawa.

Na bakin rairayi yana cikin bishiyoyin kwakwa da ciyayi, ya fi sanyi, yawanci ya fi faɗi, sai dai sauro ya fi samunsa. Mutane da yawa kan raba: dare uku a rairayi, biyu na ƙarshe a kan ruwa. In za a yi haka a bar na kan ruwan a ƙarshe. Batun sirri kuma yana cikin amsar mata masu hijabi.

An ce ƙasar Musulmi ce, amma na ga giya a hotuna. Abincin halal ne?

Ƙasar Musulmi ce tun 1153, kuma dokarta ta ce ɗan ƙasa sai Musulmi. Ibn Baɗɗuɗa ya yi alƙalanci a can a shekarun 1340. A tsibiran da mutane ke zaune babu giya babu naman alade. Tsibiran otal kuwa suna da lasisi na musamman, ana sayar da giya, da yawa kuma suna dafa naman alade.

A aikace, da safe za ka tarar da naman aladen a gefe guda da alama a kansa. Sauran nama shigo da shi ake yi, kuma yawancin otal kan ce na halal ne, amma a tambaya a rubuce kafin tafiya. Wurin da aka fi mantawa shi ne miya da kayan zaƙi, inda akan zuba giya a girki. Ka gaya wa shugaban masu dafa abinci tun ranar farko, za su sa maka ido. Ka ce kuma a kwashe giyar da ke cikin firjin ɗaki kafin ka iso. Kifi dai ga shi nan kamar ƙasa. A nemi abincinsu na safe, mas huni, wato kifin tuna da aka marmasa da kwakwa da albasa da barkono da lemon tsami, ana ci da wata gurasa mai laushi da suke kira roshi. Ga mai kewar yaji, shi ne mafita.

Sallah fa? Akwai masallaci, kuma ina ne gabas?

Kusan kowane tsibirin otal yana da masallaci a sashen ma'aikata, domin da yawansu Musulmi ne, 'yan ƙasa da 'yan Bangaladesh. Baƙi ba su cika shiga sashen ba, amma in ka ce kana son jam'i ko Juma'a, za a raka ka, kuma sukan ji daɗin tambayar. 'Yan ƙasar Shafi'awa ne.

Kada a fuskanci mafitar rana bisa sabo. Daga Maldibs Makka tana arewa maso yamma, kusa da inda rana ke faɗuwa. Wasu ɗakuna na da alamar alƙibla a cikin aljihun tebur ko a silin. In otal ɗin ya ƙara awa ɗaya a agogonsa, a lura da wane agogo manhajar sallarka ke bi. A mazhabar Malikiyya wanda ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku zai cika sallarsa, ba ƙasaru. A watan azumi otal na aiki kamar kullum, kuma in an sanar da su sukan kawo sahur ɗaki.

Ni mace ce mai hijabi. Zan sake, ko zan zama abin kallo?

Hajiya, ba za ki zama abin kallo ba. Iyalai daga Saudiyya, Kuwaiti da Daular Larabawa suna zuwa da yawa, ma'aikata sun saba da abaya da niƙabi da rigar iyo mai rufe jiki. Abin da za ki shirya wa zuciyarki shi ne shigar sauran baƙi: a bakin ruwa da wurin wanka na kowa da kowa Turawa na yawo da 'yan kamfai. Tsiraici gaba ɗaya dai doka ta hana.

In kina son ki cire mayafi ki shiga ruwa, ɗakin bakin rairayi mai katanga da wurin wanka nasa ya fi na kan ruwa sirri. Barandar ɗakin kan ruwa a buɗe take ta fuskar teku, masu iyo da masu kwale-kwale na wucewa ta gabanta, wani lokaci maƙwabci ma na hangowa. Ki nemi hoton barandar daga waje kafin a biya. A wurin tausa ki ce mace kike so, haka ma mai gyaran ɗaki, domin yawancinsu maza ne.

Ban iya iyo ba. Akwai amfanin zuwana?

Akwai, in za ka yi hankali. Ruwan da ke kewaye da tsibiri sau da yawa iya gwiwa ne zuwa ƙirji har nesa, kuma ana ganin ƙasa. Rairayin garin murjani ne, fari, ba ya ƙona ƙafa ko da tsakar rana. Haɗarin yana bakin murjani, inda ruwa ke sauya launi daga tsanwa zuwa shuɗi mai duhu: a nan ƙasa ke yankewa lokaci guda, igiyar ruwa kuma tana da ƙarfi. Ana samun baƙi da ke nutsewa, sau da yawa waɗanda suka fita su kaɗai.

Sa rigar ceto duk lokacin da za ka wuce iya ƙugu, kyauta ake bayarwa. A ranar farko ka biya a koya maka leƙen ƙarƙashin ruwa da tabarau da bututun numfashi, tare da malami. Matakalar ɗakin kan ruwa tana da santsi, kuma zurfin da ke ƙarƙashinta da safe ba shi ne na yamma ba.

Kifayen shak ɗin da nake gani a bidiyo ba sa cizo?

Waɗanda ke zagayawa a bakin rairayi 'ya'yan wani nau'i ne mai baƙin tabo a fiffike, tsawonsu bai wuce kamu ɗaya ko biyu ba, kuma gudunka suke yi. Ƙa'idar dai kada a taɓa, kada a ciyar. Abin da ya fi raunata mutane shi ne taka murjani, wanda ke yanka kuma ciwonsa ba ya saurin warkewa, da kifi mai dafi da ke kwance a rairayi ko a kan dutse.

Me ake yi duk yini, kuma dare nawa ya isa?

Ana leƙen ƙarƙashin ruwa, ana fita ganin kifin dolfin da yamma, ana kamun kifi da dare a kwale-kwalensu na gargajiya mai suna dhoni, a gasa maka abin da ka kama. Wani dare ma'aikata kan yi kiɗan boduberu da manyan ganguna. Mai son ganin manyan halittu ya zaɓi yanki tun kafin ya zaɓi otal: kifin manta na taruwa a Hanifaru da ke yankin Baa, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren da ake karewa a 2011, daga kimanin Yuni zuwa Nuwamba. Babban shak mai ɗigo-ɗigo wanda ba ya cin mutum kuwa ana ganinsa duk shekara a kudancin Ari. A yankin Ari ɗin ne kuma gidan abincin Ithaa yake, mita biyar a ƙarƙashin ruwa, tun 2005. Kusan duk waɗannan da kuɗinsu daban, da kashi 10 da 17 ɗin nan a kai.

Dare huɗu zuwa shida ya ishi yawancin mutane. Ƙasa da haka wahalar hanya ta cinye hutun. Wanda hutunsa shi ne kasuwa da zaga gari da ziyarar mutane zai fara ƙosawa a rana ta uku, gara ya haɗa da kwana biyu a Dubai ko Doha a hanya.

Za a iya zuwa da yara?

Ya danganta da otal. Wasu na manya ne zalla, wasu na da wurin renon yara da wasanni kyauta. Da yawa ba sa ba iyali mai ƙananan yara ɗakin kan ruwa, ko su ce sai an sa hannu a takardar ɗaukar alhaki, domin baranda da gada ba su da shinge. Mai babban iyali ya duba adadin mutanen da aka yarda a ɗaki ɗaya, yawanci manya biyu da yara biyu ne. A taho da madara da ƙunzugu da maganin zazzaɓi daga gida.

In rashin lafiya ta kama ni a tsibiri fa?

Manyan otal na da ɗan asibiti da likita ko ma'aikacin jinya, don ƙananan abubuwa. Babbar matsala sai Male ko Hulhumale, inda asibitocin IGMH, ADK da Tree Top suke, kuma da dare jirgin kan ruwa ba ya tashi. Mai ciwon zuciya, mai tsohon ciki, ko wanda zai tafi da dattijo ya zaɓi otal ɗin da jirgin ruwa ke kaiwa. A sayi inshorar tafiya mai ɗaukar nauyin kwashe marar lafiya.

Babu zazzaɓin cizon sauro, Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da haka a 2015, amma akwai zazzaɓin dengi, don haka maganin sauro na shafawa na da amfani. Baƙar fata ma rana na ƙona ta a kan ruwa, musamman kafaɗa da ƙeya. Wanda ya yi nutso da tukunyar iska ya bar kwana guda kafin ya hau jirgin sama.

Me aka hana shiga da shi, me aka hana fita da shi?

Ba a shiga da giya, naman alade, gumakan bauta, da miyagun ƙwayoyi, waɗanda hukuncinsu mai tsanani ne. Tun Nuwamba 2024 an hana shigo da sigarin lantarki. Magungunanka su zo a kwalinsu da takardar likita. Jirgin ɗaukar hoto marar matuƙi kuwa otal da yawa sun hana shi saboda sirrin baƙi.

Ba a fita da murjani, rairayi, ƙoƙon kunkuru ko ƙwanson da aka tsinta a bakin ruwa. In ka sunkuya a rairayin za ka iya ganin ƙwanson wuri, irin wanda kakanninmu suka yi ciniki da shi a kasuwar Kurmi. Daga waɗannan tsibirai aka riƙa kwasarsa ɗaruruwan shekaru, jiragen Turawa na kai shi gaɓar Afirka ta Yamma. A duba a mayar, domin sau da yawa akwai mai rai a ciki.

Wane kuɗi zan riƙe? Tukwici, waya da wuta fa?

Kuɗin ƙasar rufiya ne, amma a otal komai da dala ake lissafawa. Ba ka biya nan take, sa hannu kake yi a rubuta a lambar ɗakinka, a haɗa maka ranar tafiya. Wannan ne ke sa kuɗi zurarewa ba a sani ba, don haka ka nemi ganin lissafinka duk bayan kwana biyu. Katin naira na da iyakar abin da zai biya a waje, katin dala ya fi, a kuma sanar da banki kafin tafiya. Takardun dala su zama sababbi, ba sa karɓar mai yagewa ko tabo.

Tukwici ba dole ba ne tunda an riga an ɗora ladan hidima a lissafi, amma 'yan daloli ga mai gyaran ɗaki da mai kawo abinci abu ne da aka saba, kuma da yawansu sukan yi watanni ba su ga iyalinsu ba. Intanet kyauta ne a otal. Mai son layi ya saya a filin jirgi wurin Dhiraagu ko Ooredoo. Soket ɗin yawanci mai ƙafa uku ne irin na Najeriya.

Mu sababbin aure ne. Akwai wani abu na musamman?

Akwai: kek, ado da furanni a gado, wani lokaci abincin dare a bakin ruwa ko ragin farashi. Sai an faɗa tun lokacin kama ɗaki, kuma sukan nemi takardar aure da ba ta wuce wata shida ko shekara ba. Wanda aka ɗaura masa aure a masallaci ba tare da takarda ba ya nemi shaidar aure kafin tafiya. A ce musu kwalbar da za su ajiye ta zama marar giya.

Babu hanya mai sauƙi ga wanda aljihunsa bai kai ba?

Akwai. Tun 2009 aka yarda 'yan ƙasa su buɗe masaukai a tsibiransu, irin su Maafushi, Dhigurah da Thoddoo. Ɗaki na iya zama ƙasa da dala 100, harajin muhalli dala 6 a ƙananan masaukai, ga shaguna da gidajen abinci da za ka zaɓa. Babu giya, ana jin kiran sallah, masu 'yan kamfai kuma an keɓe musu gefensu. Tekun ɗaya ne. Abin da za ka rasa shi ne keɓewa da hidimar nan ta a-zo-a-gani. Wasu kan yi mafi yawan kwanakinsu a nan, su ƙarasa da dare biyu a otal ɗin tsibiri, ko su biya kuɗin yini guda su shiga su fito.

Da gaske ne ƙasar na nutsewa?

Ita ce ƙasa mafi kwanciya a duniya, mafi yawanta bai haura mita ɗaya a kan teku ba. A 2009 shugaba Mohamed Nasheed ya yi taron majalisar ministocinsa a ƙarƙashin ruwa don jawo hankalin duniya kan ɗumamar yanayi. Igiyar tsunami ta 26 ga Disamba 2004 ta yi ɓarna sosai, zafin teku kuma ya kashe murjani mai yawa a 1998 da 2016. Ba abin da zai hana ka tafiya ba ne, amma za ka ga alamunsa: buhunan rairayi da aka jera don tare zaizaya, da murjani fari matacce a wasu wurare. In murjani mai rai ne ya kai ka, ka nemi sababbin bidiyon baƙi na wannan otal ɗin, ba hotunan talla ba. Ruwan famfon ɗakinka kuwa na teku ne aka tace, wutar kuma mafi yawanta ta janareto ce da aka ɓoye a tsakiyar tsibiri.

Ranar komawa yaya take?

Ana barin ɗaki ƙarfe 12 na rana, kuma lokacin tashinka daga tsibiri ba kai ke zaɓa ba. Da daren jajibiri ake turo takarda da lokacin jirgi. In jirginka na gida na tsakar dare ne kuma ta jirgin kan ruwa ka zo, za a fitar da kai tun da rana, ka yi awanni a Velana. Mafita ita ce a kama ɗakin yini a Hulhumale, ko a bar kaya a ma'ajiyar filin jirgi a tsallaka gadar Sinamale, wadda aka buɗe a 2018, a shiga Male: ga kasuwar kifi, ga tsohon masallacin Juma'a na Hukuru da aka gina da dutsen murjani a 1658. A biya lissafin otal tun daren, a bi shi layi-layi, a kuma tabbatar an saki kuɗin ajiyar da aka riƙe a kati ranar isowa.